Tafin Ƙafar Yahaya

Yahaya ɗan kawuna ne, ni kuma 'yar gwaggonsa, saboda haka tun muna yara babu maganar da ba ni da izinin gaya masa. Shi ya ce ni baiwarsa ce, ni na ce shi ne bawana, ga shi furfura ta cika mana kai ba a yanke wannan shari'a ba. Na faɗi haka tun da wuri don kada wani ya ji ina tsokanarsa a labarin nan ya zaci raini ne. Sunana Kadi. Ƙosai nake soyawa a Garin Buba, wani ƙauye cikin ƙasar Ollelewa, kuma danga ɗaya ce ta raba gidana da nasa. In ya yi tari ina ji.

Ubansa, kawu Audu, manomi ne, kakansa ma haka. Yahaya bai shiga lakwal ba, wato makarantar boko. Ya yi karatun allo daidai abin da zai yi salla, daga nan sai gona. Yana saurayi aka yi babban farin nan da ya watsa yankinmu na Damargu, mutane suka yi ta kwarara kudu. Shi ma ya bi su, ya kora 'yan awakin da suka rage wa ubansa har ƙasar Kano a ƙasa, ya yi dako a can har damina ta kewayo, ya dawo da ƙunshin iri a ka. In ana tuna wannan tafiya a garinmu ba a maganar awakin. Abin da ake cewa shi ne, ya je ya dawo ba takalmi.

Ba wai ba shi da takalmi ba ne. Yana da shi, na fata, wanda aka ɗinka masa lokacin aurensa da Lantana, 'yar Gangara. Ran Idi yakan rataya shi a sanda ya saɓa a kafaɗa, sai ya kusa fili ya sa, ya yi ɗan taku kaɗan mutane su gani, ya sake cirewa don salla. Na sha gaya masa duk garin nan babu wanda ya kai takalminsa samun hutu.

Wanda bai san noman ƙasarmu ba zai ce taurin kai ne kawai. Taurin kan yana nan, ba na musu. Amma mu da ƙafa muke shuka. Mai sungumi yana gaba yana sara, na baya yana jefa iri a rami, ya rufe da diddige, ya danna, ya wuce, ba tsayawa ba sunkuyawa. Ƙafar da ta saba ta san ramin da ya yi zurfi da wanda ya yi sama-sama, ta san inda danshi ya kai da inda yashi ne busasshe. Yahaya kuwa gwani ne. Shi kaɗai yakan bi masu sara biyu ba su tsere masa ba, kuma shukarsa takan fito a jere kamar an ja zare. Gonakinsa biyu ne: ƙarama a bayan gari, sai babba can a jigawa, wadda ita ce abincin gidan. 'Ya'ya biyu suka rayu musu, Aminu da ke ci-rani a Aljeriya, da Sadiya da ke aure a Falanko.

Ciwon ya shigo masa a hankali, bayan ya haura hamsin. Ƙishirwa ce ta fara, sai yawan fitsari, sai rama. Mutum yana ci kamar ƙattai biyu amma wando yana zame masa. Lantana ce ta lura kiyashi na taruwa a inda yake fitsari a bayan ɗaki, ta sa shi gaba sai wani ƙaramin asibiti a Tanut. Majon wurin, wato shugabar ma'aikatan jinya, wata doguwar mace ce 'yar Maraɗi, Kirista, ana ce mata Madam Rabeka. Ba ta ɗaga murya. Ta soki yatsansa, ta ɗiga jini a kan wata 'yar na'ura, ta dubi lambar da ta fito, ta ce ciwon sukari ne.

"Madam, ki sake dubawa," in ji Yahaya. "Wannan ai ciwon alhazan birni ne, masu tumbi. Ni mi na ci?"

Ta fara yi masa bayani, cewa ciwon bai san birni da ƙauye ba, kuma ba ya warkewa amma ana zama da shi lafiya in an san hannunsa. Ba ta yi nisa ba ya nuna Lantana da haɓa.

"Ki gaya mata. Ita ke dafawa, ita ke damawa."

Ya tashi ya fita waje kallon wani raƙumi da ake ciniki.

Daga ranar ciwon ya zama na Lantana. Ita ke ɗaure ƙwayoyin a haɓar zane, ita ke bin sa da kofin ruwa safe da yamma kamar mai yaye. Ita ta san ranar komawa asibiti, ita ke riƙe da ordinas, takardar sayen magani. In ta rage masa fura sai ya leƙo ta kan danga ya ce in sam masa tawa, in na hana ya tafi wurin Buzayen da ke sauka bakin rijiya ya sha shayinsu mai kauri kamar zuma. In aka ce masa ya jiki, sai ya ce, "Ku tambayi Lantana." Yakan faɗe shi da dariya, mutane su yi dariya. Ita ba ta dariyar. Na sha ganin ta zaune bakin murhu ta yi tagumi, tana lissafin abin da ya ci a gabanta, ba ta san abin da ya ci a bayanta ba.

Haka aka yi 'yan shekaru. Sai ƙafafunsa suka fara wani abu. Da farko zafi, ya ce kamar an barbaɗa masa barkono a tafin ƙafa. Daga baya ya ce kamar yana taka auduga. Daga nan sai shiru, zafin ya tafi, audugar ma ta tafi.

Yahaya ya yi murna, wallahi murna ya yi. Ya ce ƙafarsa ce ta gama ƙosawa. Kowa a nan ya san karangiya, ya san yadda take sa babban mutum rawa ba kiɗa. To Yahaya sai ya riƙa ratsa ta cikin karangiya da gangan, samari suna kallo suna tafi. Faso, wato tsagewar da diddige ke yi da rani, mutanenmu kan ɗinke shi da allura da zare in ya buɗe baki da yawa, ana yi ana cije leɓe. Shi kuwa sai ya zauna a dandali ya ɗinke nasa yana hira, ko gezau. Tsofaffi suka ce ba su taɓa ganin jarumi irinsa ba. Babu wanda ya kawo wa ransa cewa ciwon da ke ɗaure a haɓar zanen Lantana shi ne ya sauko ƙasa, shi kansa bai gaya wa kowa a asibiti ba, don ba a kai wa likita ƙarar ƙarfi.

Wata bazara Sadiya ta haifi tagwaye, haihuwar ta zo mata da wahala, Lantana ta tafi Falanko yi mata wankan jego. Ta bar masa ƙwayoyin a gwangwani, ta yi masa bayani har bakinta ya gaji, yana cewa to, to, idonsa yana kan sungumin da yake gyara wa ƙota. Bayan ta tafi ya buɗe gwangwanin ya ga iri biyu, duk farare. Bai san ta safe ba, bai san ta yamma ba. Ya rufe ya ajiye.

Lokacin binne ne, shukar da ake yi a busasshiyar ƙasa kafin ruwa ya sauka. Yashin jigawa a wannan lokaci, da hantsi ya ɗaga jaki ma ba ya son tsayawa a kai. Yahaya yakan wuni a ciki ba takalmi. Ruwan da yake kai wa gona ɗan gora ne na sha, saboda haka sallolin rana da taimama yake yin su, in ya dawo gida kuma a gajiye yake watsa wa ƙafar ruwa ya wuce.

Ni na gani da idona. Wata rana da azahar yana zaune a tabarma gindin bedi, wato dogon yaro, a ƙofar gidana, ya miƙe ƙafafu, yana cin ragowar ƙosaina ba da izini ba, yana yi mini musu a kan ko wane ne ya girmi wani tsakanina da shi. Sai na ga wata kazata ta zo ta tsaya wajen ƙafarsa ta hagu tana tsattsaga. Ta tsattsaga, ta ja, ta sake. Shi kuwa yana ta zuba, bai ko motsa ba. Na kori kazar na durƙusa. Ƙarƙashin 'yan yatsunsa biyu na ƙarshe wani rami ne baƙi, ƙayar aduwa ta karye a ciki, gefen ya kumbura, ga wari.

"Yahaya, tun yaushe?"

Ya leƙa, ya juya ƙafar da hannu kamar ta wani ce. "Tun yaushe mi?"

Daga Tanut aka tura shi babban asibiti a Damagaram. A can aka cire masa yatsun nan biyu, aka ce ya gode Allah, da an ƙara jinkiri da sai daga ƙauri. Lantana ta baro jego ta zo tana kuka tana cewa laifinta ne da ta tafi. Shi kuma, don Allah ku ji, bai ce mata a'a ba.

Da ya dawo sai ya riƙa zuwa wurin Madam Rabeka wankin miki. Abin da ya faru a can shi ya ba ni labari da bakinsa. Ya ce ran nan da suka shiga, Madam ta dubi Lantana ta ce, "Inna, ki ɗan huta a benci a waje. Yau da Baba zan yi magana." Ta rufe ƙofa. Ta ɗauko wani siririn tsinke na roba, ta ce ya rufe ido, in ya ji ta taɓa shi ya faɗa. Ta taɓa bayan hannunsa ya ce ya ji. Ta taɓa gwiwa ya ce ya ji. Sai ya ji shiru, ya yi ta jira.

"Madam, ki ci gaba mana."

"Buɗe idonka, Baba."

Ya buɗe ya ga tsinken a tsakiyar tafin ƙafarsa ta dama, mai lafiyar, ta danna shi har ya lanƙwashe.

"Ba ƙarfi ba ne," in ji ta. "Sukari ne ya cinye jijiyoyin da ke kawo maka labari. Ƙafar nan ta daina yi maka magana, kuma ba za ta sake ba. In ƙaya ta shiga ba za ta gaya maka ba, in ta ƙone ba za ta gaya maka ba. Inna tana iya ba ka ƙwaya, amma ba ta cikin takalminka, ba ta bin ka jigawa. Ni kuma sau ɗaya nake ganinka a wata. Sauran kwanakin wa ke tare da ƙafar?"

Ya ce mini wuƙar Damagaram ba ta ba shi tsoro kamar wannan tsinke ba. Shekaru yana alfahari da abu, ashe mutuwa ce take hawowa daga ƙasa yana kiran samari su zo kallo.

Kada ku zaci washegari ya zama wani mutum. Ya yi wajen wata guda yana fushi da kowa, har da ni da ban yi masa komai ba. Sai wata ran kasuwa ya dawo daga Tanut da madubin babur, irin wanda ya karye daga jikin kabu-kabu, ya saya wurin masu gyara. Na ce me zai yi da shi, ko aure zai ƙara. Ya ce madubin Lantana na mata ne, ba zai riƙe shi a gaban mutane ba.

Da wannan madubi yake duba tafin ƙafarsa. Ya haɗa abin da alwala, don kada ya manta. Ya ce shekara hamsin yana wanke ƙafar nan kullum bai taɓa duban ta ba. Yanzu in ya wanke sai ya ɗora ta a gwiwa, ya kara madubi, ya bi diddige, ya bi tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya, ya goge da wani farin ƙyalle da ke aljihunsa, ya shafa man kaɗanya inda ya bushe. Liman ya gaji da jiransa, aka koma tayar da salla in an ga ya mai da madubin aljihu. Allura da zare kuwa ya bar wa masu ɗinkin riga.

Haruna baduku ya ɗinka masa rufaffen takalmi mai laushin ciki. Ba ya sa shi sai ya kife ya kakkaɓe, ya zura hannu ya laluba. Da shi yake shuka yanzu. Shekarar farko samarin da ke yi masa tafi su ne suka yi masa dariya, wai ga ɗan birni ya zo gona. Shukar ma ba ta yi kyau kamar da ba, shi ya faɗa da kansa. Bai cire ba.

Gwangwanin magani ya karɓe daga hannun Lantana. Ya koma asibiti shi kaɗai ya ce a nuna masa ta safe da ta yamma, ya raba musu gwangwani. Ya samo wata 'yar ƙwarya ya ce ita ce ma'aunin furarsa, ko a gidan biki da ita yake zuwa. Shayin Buzaye bai bari ba, don abokansa ne, sai dai ya roƙe su su zuba masa nasa kafin su jefa sukari, yana sha yana yamutsa fuska yana cewa da daɗi. Tuwo ya ragu, miyar ganye da wake suka ƙaru. Ya koyi gane lokacin da sukarin ya yi ƙasa da yawa, in ya ji rawar jiki da zufa mai sanyi, saboda haka ba ya rabuwa da 'yan dabino a aljihu. Na taɓa roƙonsa ɗaya ya ce magani ne, ba na kwaɗayayyu ba.

Mutumin da da yake fita kallon raƙumi ana yi masa bayani, yanzu shi ne Madam Rabeka ke cewa, "Baba, akwai mutane a layi." Me ya sa lambar ta hau wannan wata, me ya sa ta sauka wancan. Shi da kansa ya lura takan yi kyau da damina lokacin da yake aiki, ta lalace da rani lokacin zaman dandali. Sai ya karɓi ɗiban ruwa daga hannun matarsa, ya riƙa kora jakuna rijiya safe da yamma. Maza suka yi ta gunaguni wai zai ɓata musu mata. Lantana kuwa ta yi ƙiba.

Ba na cewa duk wanda ya kula ya tsira. Na san waɗanda suka yi iya ƙoƙarinsu ciwon ya fi ƙarfinsu, kuma akwai watannin da maganin kansa ke wuyar samu. Yahaya ma ba waliyyi ba ne, na kama shi da hannu cikin kaskon ƙosaina ba sau ɗaya ba. Amma abin da idona ya gani shi ne, jikinsa ya dawo, ƙishirwar ta tafi, kuma aka yi damina uku ko ƙwarzane bai samu a ƙafa ba.

Sai bara. Ruwa ya yi jinkiri ƙwarai, har aka fara fita roƙo. Ran nan da la'asar hadari ya taso daga gabas, aka yi ruwa mai kyau, irin wanda in ka tona ƙasa hannunka zai nutse cikin danshi har gwiwar hannu. Ruwan shuka ke nan. A ƙasarmu in ya zo ba a jira, don yashi ba ya riƙe ruwa, yau da gobe ne kawai, jibi iska ta shanye. Ran shuka ba a zuwa kasuwa, ba a zuwa gaisuwa, mai ciki tana fita, tsohon da ke dogara sanda yana fita ko iri ya riƙe wa mutane. Yahaya ya shiga ruwan nan da gudu yana tattara awaki, takalminsa ya jiƙe ya cika da yashi.

Da gari ya waye kowa yana ɗaura wa jaki kaya. Na ji muryar Lantana ta kan danga tana cewa, "Malam, rana tana yi." Ban ji amsarsa ba, sai na leƙa. Yana zaune bakin ɗaki, ƙafar dama a kan gwiwa, madubi a hannu. Sungumi da ƙwaryar iri suna gefensa.

Na zagaya na shiga. Ya nuna mana. A ƙasan babban yatsa fata ta saluɓe, wuri ɗan ƙarami bai fi ƙwayar wake ba, ja, yana ɗan tsattsafo da ruwa. A ƙafar wani, ko kallo ba zai samu ba.

Lantana ta duba ta yi ajiyar zuciya. "Wannan ai ba komai ba ne, Malam. Mu ɗaure da ƙyalle ka sa takalmi. Yau ɗaya dai. Gobe da kaina zan raka ka Tanut."

"Gobe ma shuka ce."

"To jibi."

"Waccan ma haka ta fara," in ji shi, ya nuna ƙafar hagu. "Sai dai ita ban gani ba."

"Jigawa fa? Aminu ba ya nan. Ni kaɗai ba zan iya sara in iya rufewa ba. Kowa yana tasa gonar. Mi za mu ci?"

Ban ga laifinta ba. Matar da ta yi shekaru tana bin sa da kofin ruwa, ita ce yau take roƙonsa ya yi wasa da ciwon, kuma ba don ba ta son sa ba. Ta san yadda rumbu yake, baran waccan ma ba a samu sosai ba. Yahaya ya dubi ƙwaryar irin nan. Na ga hannunsa ya kai kan ƙotar sungumi, ya shafa ta, ya janye.

"An ce mini in fata ta buɗe kada in taka, kada in shiga jiƙaƙƙiyar ƙasa, in zo a ranar. Na ce to. Ke ki shuka ta bayan gari iya abin da kika iya."

Ya wanke wurin, ya naɗe da farin ƙyallensa, muka taimaka masa ya hau jaki. Babu ɗan kabu-kabu ko ɗaya a garin, duk suna gona, sai ya kai bakin babbar hanya zai sami mota.

Ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Duk garin yana kwarara gabas da arewa, maza da sungumi a kafaɗa, mata da ƙwarya a ka, ƙasa tana ƙamshi, shi kaɗai ya nufi yamma a kan jaki, ya ɗage ƙafa ɗaya. Duk wanda ya gamu da shi sai ya tsaya.

"Yahaya, lahiya? Jigawa tana bayanka."

"Na sani," yake cewa, ya wuce.

Na ji tausayinsa ranar har na kasa tsokanarsa. Na san da a yanke masa wani yatsan aka ce, da ya fi masa sauƙi a kan wannan tafiya.

Madam Rabeka ta wanke mikin, ta tono 'yan ƙwayoyin yashi da suka riga suka shige ciki, ta ba shi magani, ta hana shi takawa sai ya rufe. Ya yi makonni zaune bakin ɗaki yana jin mutane suna wucewa gona. Da na gama tawa na taya Lantana, muka shuka ta bayan gari da ɗan gefen jigawa, amma danshi ya riga ya gudu. Ruwa na biyu bai zo da wuri ba. Da ya zo an shuka jigawar, hatsi ya tashi, ya yi kore shar, sai damina ta ɗauke tun bai cika ido ba. Kara aka samu, awaki suka ji daɗi. Mikin kuwa ya rufe sarai, ko tabo sai ka kura ido.

Kafin zafi ya yi tsanani bana rumbunsu ya ƙare. Aminu ya aiko da abin da ya samu. A wurinmu manomi ya je kasuwa sayen hatsi abin kunya ne, musamman irin Yahaya, wanda tun da ya yi aure bai taɓa cin ƙwayar da ba daga gonarsa ta fito ba. Masu irin wannan hali mace suke aikawa, ko su sa a kawo musu a ɓoye.

Shi da kansa ya je. Kasuwar ƙauyen da ke kusa da mu ce, ina can ina sayen wake. Na gan shi ya ratsa layin ma'auna a hankali, yana amsa gaisuwa, ya tsaya gaban Idris, sa'ansa ne, tare suka yi allo. Idris ya dube shi, ya dubi buhun da ke hannunsa, ya rage murya.

"Je ka gida, Yahaya. Zan aiko maka, ba wanda zai sani."

"Auna a nan."

"Mutane suna kallo."

"Su kalla. Auna."

Idris ya auna, bai ɗaga kai ba. Yahaya ya ɗaure bakin buhu, ya ɗora a ka, ya kama hanya. Na cim masa a bayan kasuwa ina kore da jakina.

"Kawo kayan nan in ɗora maka, tsoho. Ka hau ma in kana so."

Bai tsaya ba. "Bari, Kadi. Gona guda na bayar don in yi tafiyar nan da ƙafata. Bar ni in yi ta."

Na ja jakin na rage masa sauri, na bi bayansa har gida.